Amsar Takardunku: Haɗarin Tsallaka Titi Da Nisan Gida A Hanyar Abuja Zuwa Keffi

A wannan mako takardu uku muka ware daga cikin jaka, waɗanda ko da yake mutane daban-daban ne suka aiko da su, mun lura duk bakinsu ɗaya ne. Saboda haka za mu karanta su a jere, sa'an nan mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko ta fito ne daga wani mai sauraronmu da ke sayar da kayan miya a Mararaba, cikin jihar Nasarawa. Ya ce a watan da ya wuce mota ta kaɗe ɗan maƙwabcinsa, yaro ɗan shekara 11, yana tsallaka babban titin Abuja zuwa Keffi da sassafe za shi makaranta, kuma har yanzu yaron yana kwance da karaya biyu. Ya ce da aka je dubiya sai gardama ta kaure, wasu na cewa laifin direba ne, wasu kuwa na cewa laifin yaron ne tun da akwai gadar tsallakawa bai hau ba. Shi ne yake tambaya, wai tsakani da Allah laifin wane ne?

Ta biyu kuwa daga wata malama ce mai aikin jinya, wadda ke zaune a Masaka tana aiki a cikin birnin Abuja. Ta ce kullum kafin asuba take fita, ba ta komowa sai 'ya'yanta sun yi barci, ga kuɗin mota ya cinye mata albashi. Tambayarta ita ce, ina jirgin ƙasan nan da aka ce an yi wa Abuja, kuma me ya hana shi zuwa inda jama'a suke?

Ta uku ta zo daga wani ɗalibi a Zariya, wanda ya ce ya ji a wasu ƙasashe a bakin tashar jirgi da ta bas ake gina gidajen ma'aikata, yana so a yi masa bayanin yadda abin yake, da kuma ko zai yiwu a ƙasarmu.

To, madalla. Mun gode muku duka, muna kuma yi wa wannan yaro fatan samun sauƙi cikin hanzari.

Bari mu fara da kai, Malam na Mararaba. Ka san Hausawa sun ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Direban da ya shigo tsakiyar jama'a da gudu yana da nasa laifi, wanda ya tsallaka ba ta gada ba shi ma ya yi ganganci. Amma akwai na uku da ba a cika kiransa wurin shari'ar ba, watau shi titin da yadda aka gina shi. Wannan hanya an yi ta ne domin motar da ta taso daga Abuja ta wuce Keffi, ta nufi Akwanga ko Lafiya ba tare da tsayawa ba. Yau kuwa ta ratsa tsakiyar gari, hagu da dama kasuwa ce da makarantu da masallatai da coci-coci da tashoshin mota, tun daga Nyanya har Masaka. Wanda gidansa ke wannan ɓangare, makarantarsa ko shagonsa ke wancan, ai dole ya tsallaka, kuma ba sau ɗaya a yini ba.

Abin da ke kisa a irin wannan wuri shi ne gudu, kuma lissafinsa ba shi da wuya. Motar da ke gudun kilomita 80 a sa'a tana cin mita 22 a cikin daƙiƙa ɗaya tak. Ke nan daga lokacin da direba ya hango yaro zuwa lokacin da ƙafarsa ta kai kan birki, motar ta riga ta shafe wannan tazara ko fiye, kafin ma birkin ya fara aiki. Wadda ke gudun kilomita 30 kuwa, mita 8 kacal take ci a daƙiƙa. Sa'an nan ga ƙarfin bugun. Idan mota ta bugi mutum tana gudun kilomita 30, kamar ya faɗo ne daga tsayin mita uku da rabi. Idan 50 take yi, kamar ya faɗo daga mita 10 ne, watau kusan saman gida mai hawa uku. Idan kuwa 80 ne, to mita 25 ke nan. Ka ga wanda ya faɗo daga kan katanga ana iya kai shi wurin mai ɗori, amma wanda ya faɗo daga ƙololuwar bene sai dai wani ikon Allah.

Wannan masifa ba a kanmu kaɗai take ba. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2023 ya nuna cewa mutane kusan miliyan 1 da dubu 190 ne ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, fiye da ɗaya cikin biyar daga cikinsu kuwa masu tafiya a ƙasa ne. Rahoton ya ce haɗarin mota shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29, kuma idan aka auna da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce ta fi kowace asarar rayuka, alhali ita ce ta fi ƙarancin motoci.

To, batun gada fa? Gaskiya ne, inda akwai gada a kan babban titi irin wannan, hawanta shi ne tsira, kuma muna roƙon kowa ya hau. Amma a tambayi kai, me ya sa mutane ke gudunta? Gadar dole a ɗaga ta sama da mita 5 domin tirela da tanka su wuce ta ƙarƙashi. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, mace mai juna biyu da goyo a baya, gurgu a kan kekensa, mai tura baro da buhun albasa, duk waɗannan hawan matakala ba ƙaramin aiki ne gare su ba. Daɗin daɗawa, tsakanin wannan gada da waccan akwai tafiya mai nisa, wasu 'yan tireda sun cika su da kaya, da dare kuwa babu fitila, mutane na tsoron 'yan ƙwace. Yaro ɗan shekara 11 da ke tsoron bulalar makara, idan ya ga ƙofar makarantarsa ga ta can tsallaken titi, gada kuma tana can nesa, kai ma ka san abin da zai yi.

Dalili ke nan da ya sa wasu ƙasashe suka sake tunani. A shekarar 1997 majalisar dokokin ƙasar Suwidin ta amince da wata manufa wadda ginshiƙinta shi ne cewa ɗan Adam ajizi ne, dole wata rana ya yi kuskure, saboda haka wajibi ne a gina hanya yadda kuskuren ba zai zama ajalinsa ba. Suka rage gudu a cikin unguwanni, suka ƙuntata titi a wurin tsallakawa, suka ɗaga wurin ya zama tudu yadda dole direba ya taka birki, suka sa tsibiri a tsakiya domin mai tsallakawa ya tsaya ya numfasa kafin ya fuskanci ɗaya hannun. Maƙwabtansu suka bi sahu, har ta kai a shekarar 2019 biranen Oslo da Helsinki suka yi shekara cur ba a kashe mai tafiya a ƙasa ko ɗaya ba. A watan Fabrairu na 2020 kuma, ministocin ƙasashen duniya da suka taru a birnin Stockholm suka yi kira da a tsayar da gudu a kilomita 30 a duk inda motoci ke cuɗanya da mutane. Mu a nan, ƙa'idar hanya ta ce kilomita 50 a cikin gari, amma allo kaɗai ba ya tsayar da mota idan titin faffaɗa ne, miƙaƙƙe, yana kiran direba ya taka.

Saboda haka Malam, amsarka ita ce laifin ya rabu uku, kuma kaso mafi girma yana kan hanyar da aka bari tana aikin babbar hanya a tsakiyar kasuwa.

Yanzu sai mu juyo gare ki, Malama ta Masaka, domin tambayarki ce ke bayyana dalilin da ya sa jama'a suka taru a bakin wannan titi tun farko. A watan Fabrairu na 1976 ne gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa dokar ƙirƙiro sabon babban birnin tarayya, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. A 1979 wani kamfanin Amurka mai suna International Planning Associates ya miƙa babbar taswirar birnin, wadda ta yi hasashen mutane miliyan 1 da dubu 600 zuwa shekarar 2000, da kimanin miliyan 3 idan an kammala dukan matakai. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a cikin wannan taswira an keɓe hanya ta musamman domin manyan motocin haya ko jirgi, wadda za ta riƙa ratsa cibiyoyin gundumomi, yadda ma'aikaci zai fito daga gida ya taka da ƙafa zuwa tasha. Da aka zo aiki sai aka fara da manyan titunan motoci, aka bar waccan hanya sai daga baya.

Ranar 12 ga Disamba, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta taso daga Legas ta tare a Abuja, ma'aikata suka kwararo, gidajen da ke ƙasa kuwa ba su isa ba. Unguwanni irin su Maitama da Asokoro manyan filaye aka yanka a cikinsu, gida ɗaya a filin da zai ɗauki iyali ashirin. Nyanya kuwa, wadda aka fara a matsayin sansanin leburori da ƙananan ma'aikatan da ke gina birnin, sai ta cika ta batse, ta tsallaka iyaka zuwa Mararaba, daga nan Ado, daga nan Masaka. Haka ta faru ta ɓangaren Kubwa da Zuba da Madalla har Suleja. Tsakanin 2003 da 2007, lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i ke ministan birnin, aka rushe unguwanni masu yawa da aka ce sun saɓa wa taswira, aka sayar da gidajen gwamnati, a 2006 kuma aka hana acaba a tsakiyar birni. A 2013 aka hana ƙananan bas-bas shiga. Kowane mataki da dalilin da aka bayar a kansa, amma idan aka tara su, sakamakon ɗaya ne: aiki yana cikin birni, mai yin aikin yana bayan gari, tsakaninsu kuwa ƙofofi ne 'yan ƙalilan. Ta ɓangarenku ma ƙofa ɗaya ce, wadda ta bi ta gangaren Kugbo zuwa mahaɗar AYA.

Shi kuwa jirgin da kike tambaya, an ba da kwangilarsa a 2007 ga kamfanin CCECC na ƙasar Sin, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shi ranar 12 ga Yuli, 2018. Tsawonsa kimanin kilomita 45 ne da tashoshi 12, reshe ɗaya daga tsakiyar birni ta Idu zuwa filin jirgin sama, ɗaya kuma daga Idu ta Gwagwa da Dei-Dei zuwa Gbazango a Kubwa. A wancan lokaci tashoshi da dama a cikin daji suke, babu gidaje kusa, babu ma hanyar kirki da za ta kai mutum, saboda haka fasinja suka yi ƙaranci. Da annobar korona ta zo a 2020 aka tsayar da shi, ya yi shekara huɗu a ajiye. Sai ranar 29 ga Mayu, 2024, Shugaba Bola Tinubu ya sake ƙaddamar da shi bayan an gyara shi an kuma yi wa tashoshin hanyoyi, aka ce a hau kyauta har ƙarshen shekarar 2024. Reshen da aka tsara zai nufi Nyanya kuwa ba ya cikin waɗanda aka gina. Kin ji inda gizo ke saƙa: inda aka kai jirgi mutane ba su da yawa, inda mutane suka yi yawa ba a kai jirgi ba. Wani abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne Nyanya tana ƙarƙashin hukumar birnin tarayya, Mararaba da Masaka kuwa ƙarƙashin jihar Nasarawa, alhali fasinjan ɗaya ne, titin ma ɗaya ne. Muddin hukumomin biyu ba su zauna a tabarma ɗaya ba, kowa zai gyara nasa gefe ne ya tsaya a kan iyaka.

Game da kuɗin mota, ga wani lissafi da ya kamata duk mai neman gidan haya ya yi kafin ya biya. A ce, alal misali, naira 1,000 mutum ke biya zuwa, 1,000 dawowa. A kwana 22 na aiki ya kashe naira 44,000, a shekara kuwa 528,000. A tuna fa mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, gidan da ake gani mai araha a bayan gari ya daina zama mai araha, domin abin da aka rage wa mai gida, direba ake miƙa wa, ban da sa'o'in da ake zubarwa a cikin cunkoso, da kasadar faɗawa motar 'yan fashin nan da ake kira wan-cans idan dare ya yi. Mun san ba kowa ke da halin tara kuɗin shekara guda ko biyu da masu gidajen cikin birni ke nema a dunƙule ba. Amma a riƙa haɗa kuɗin haya da kuɗin mota wuri ɗaya kafin a ce wannan gida ya fi wancan sauƙi.

Wannan ya kawo mu ga tambayarka, ɗalibinmu na Zariya. Abin da ka ji gaskiya ne, kuma misalin da aka fi bayarwa shi ne birnin Kuritiba na ƙasar Barazil. A 1971 wani masanin zanen gine-gine mai suna Jaime Lerner ya zama magajin garin. Ba su da kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa, sai a 1974 suka ware layi a tsakiyar manyan tituna wanda bas kaɗai ke bi, babu motar da ke shiga gabansa. Dabarar da ta fi wannan kuwa ita ce dokar gini. Suka ce dogayen benaye a bakin layin bas kaɗai za a yi su, shaguna a ƙasa, gidaje a sama, kuma gwargwadon nisanka da layin, gwargwadon gajartar ginin da za a yarda ka yi. Ka ga ke nan bas ya sami fasinja a ƙofarsa, fasinja ya sami bas a ƙofarsa, wanda kuma ke zuwa tasha da ƙafa a cikin minti goma ba shi da dalilin tsallaka babbar hanya a guje.

Sai dai a yi hattara da abu guda. Duk inda aka kai tasha mai kyau, filin wurin yakan yi tsada, kuma ko a Kuritiba ɗin talakawa da yawa sun ƙare ne a gefen gari. Saboda haka idan gwamnati ba ta keɓe wani kaso na gidajen bakin tasha domin masu ƙaramin ƙarfi ba tun kafin 'yan kasuwar filaye su riga ta, to mai mota uku ne zai zauna kusa da jirgin da ba zai hau ba, mai aikin jinya kuma tana nan a Masaka.

Ko zai yiwu a nan? Ai an riga an fara rabinsa a nahiyarmu. Legas ta buɗe layin bas na musamman daga Mile 12 zuwa CMS a watan Maris na 2008. Darussalam ta Tanzaniya ta buɗe nata a 2016. Dakar ta Senigal ta fara ɗaukar fasinja a 2024 da bas masu aiki da lantarki, a kan layi mai tsawon kimanin kilomita 18. Ɗaya rabin, watau gidajen, shi ne ya rage, kuma a nan Abuja tana da wata dama da birane da yawa ba su da ita: ƙasar birnin tarayya a hannun gwamnatin tarayya take, minista ke ba da fili. Filayen da ke kewaye da tashoshin jirgi irin su Idu da Gwagwa da Kagini, hukuma na da ikon cewa benaye masu ɗakunan haya na ma'aikata za a yi a wurin, da makaranta da kasuwa da asibiti, maimakon a yanka su fuloti-fuloti a raba wa waɗanda za su kewaye da katanga su jira tsada. A hanyar Keffi kuwa, kafin jirgi ya zo, ana iya ware wa manyan bas layinsu, a raba masu wucewa da masu tsayawa, a sa danja da wurin tsallakawa a ƙasa a duk inda jama'a suka riga suka nuna da sawunsu cewa nan suke bi. Wannan darasi ya shafi Kano da Kaduna da sauran garuruwanmu da ake ta gina gadojin sama, domin gadar sama mota take sauƙaƙa wa, mai ƙafa kuwa sau da yawa sai ta ƙara masa nisa.

Kafin a kai ga wannan, ga abin da ke hannunmu. Iyaye, yaron da bai kai shekara 10 ba kada a bar shi ya tsallaka babban titi shi kaɗai, domin idonsa bai iya auna gudun mota ba tukuna. A riƙe shi a wuyan hannu, kada a ba shi yatsa ya riƙe, don yana iya fizgewa. Maƙwabta su haɗa yaransu, babba ɗaya ya raka su ta kan gada, yau wannan gida gobe wancan. Kada a tsallaka ta gaban bas da ta tsaya, domin ta rufe ka, mai zuwa ta gefenta ba ya ganinka. Inda babu wurin tafiyar ƙafa, a bi hannun da ake fuskantar motoci. Masu fita da asuba da masu dawowa da dare su sa tufa mai haske. Direbobi da 'yan acaba da masu Keke Napep, idan kun ga makaranta ko kasuwa ku sassauta, minti ɗaya da za ku rage bai kai ran mutum ba, sauri kuwa shi ke haifar nawa. Idan haɗari ya auku, a kira Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a lamba 122, kyauta ne, kuma kada a ciccibi wanda ake zaton ya ji ciwo a wuya ko gadon baya yadda aka ga dama.

Masu unguwanni da shugabannin kasuwa da na makarantu kuma, maimakon a jira sai an kashe wani a fito a tare hanya da duwatsu da kututture, a rubuta takarda tun yanzu zuwa ga ƙaramar hukuma da hukumar kiyaye haɗurra da wakilanku na majalisa. A faɗi wurin, a faɗi lokacin da yara ke tsallakawa, a faɗi adadin waɗanda aka kaɗe a wurin da ranakun, a nemi tudun rage gudu da fitila da zanen tsallakawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma takardar da ke ɗauke da ranaku da adadi ta fi wuyar jefawa a kwandon shara. Idan lokacin zaɓe ya zo, wanda ya ce zai faɗaɗa titi, a tambaye shi ta ina za a tsallaka. Wanda ya ce zai gina gidaje dubu, a tambaye shi a ina, kuma wace mota ce za ta kai mutane aiki daga can.

Malam na Mararaba, Malama ta Masaka, da ɗalibinmu na Zariya, da fatan kun gamsu. Sauran waɗanda takardunsu ke cikin jaka, a ƙara haƙuri, muna tafe. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.